Aya Ɗaya Ba Ta Rainon Mai Bi

Akwai zamanin da a ikkilisiyoyin Arewa da yawa ba a kai mutum rafi a yi masa baftisma sai ya iya haɗa baƙi. Tsoho da makaho ana yi musu rangwame, amma saurayi mai jini a jika ko budurwa, sai sun buɗe Bisharar Markus a gaban dattawa sun karanta, ko da da gargada ne. Saboda haka ajin baftisma shi ne ajin koyon karatu. Malaminsa kuwa mai bishara ne, wanda sau da yawa shi kansa bai yi nisa a boko ba. Ya yi 'yan shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, a Kagoro ko Gindiri ko Tofa ko Malumfashi, aka turo shi ƙauye da matarsa da akwatin ƙarfe guda. Da hantsi yana gona kamar kowa. Da la'asar sai ya buga tsohon wilin motar da aka rataye a bishiya, manya da yara su taru a rumfa, a fara daga abacada.

Iyayenmu da kakanninmu da yawa ta wannan ƙofa suka shiga karatu, wasu tun kafin gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Neman aikin En'e bai kai su rumfar nan ba. Abin da ya kai su shi ne akwai littafi guda da aka ce musu kowa sai ya gani da idonsa, kada ya tsaya ga "an ce".

Littafin ya daɗe a hanya kafin ya iso hannunsu. Wanda ya fara juya sassansa zuwa Hausa, James Frederick Schön, Bajamushe ne mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, kuma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Hausarsa ya koye ta a Saliyo a bakin bayin da aka 'yanta, daga baya kuma a Ingila a bakin Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari ya cika a 1880, amma a nan gida kusan babu mai karantawa, domin ikkilisiyar ma ba ta tsiro ba tukuna. Sai da Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya shafe shekaru a kan aikin tare da Hausawan da suka taimake shi da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi, sannan cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Shekara 75 ke nan tsakanin Matiyu na Schön da littafin nan mai baƙin bango da muka tarar a ɗakunan kakanninmu. Mafi yawan waɗanda suka rungume shi ma ba Hausawa ba ne: Berom ne da Angas da Bajju da Tangale da Bura da Margi da Bachama. Da aka kafa ikkilisiyar ECWA a 1954, da tarayyar da yau ake kira TEKAN a 1955, Hausar littafin nan ce ta sa mutumin Kaltungo da na Langtang suka iya zama a benci ɗaya suna sujada. Haka ma a Tsibiri da Maraɗi, hayin iyaka.

Yadda ake karanta shi a lokacin ne ya fi tsaya mini a rai. A gidajen da na sani, addu'ar safe tana farawa tun kafin a saki kaji. Maigida ba ya zaɓen wurin da ya yi masa daɗi. Inda aka tsaya jiya, nan za a ɗora yau. Idan an shiga Farawa sai an fita, da labarin Yusufu mai daɗin ji, da jerin sunayen zuriya da yara ke tuntuɓe a kansu ana dariya ƙasa-ƙasa. Kowa aya ɗaya, a zagayo, da murya a fili. Wanda bai iya ba ya saurara, kuma shi ma ba a ƙyale shi, don idan an gama maigida yakan juyo ya ce, "To, kai me ka ji?" Ba kullum ake samun amsa mai ma'ana ba. Amma yaron da ya san za a tambaye shi ba ya gyangyaɗi.

Mata kuwa sun kama nasu hanyar. A Zumuntar Mata akwai tsofaffin da ba su taɓa riƙe fensir ba, amma idan aka ce a kawo Zabura ta 23 ko ta 91, sai ka ji sun zubo ta daga ka ba tuntuɓe, da labarin Rut da Na'omi har da abin da kowacce ta ce wa 'yar'uwarta a hanya. Ina ganin zama da maƙwabta Musulmi ya taimaka a nan, ko da yake ba kowa zai so a faɗa ba. Wanda ya tashi yana jin muryoyin makarantar allo safe da dare, yana ganin yadda ake girmama mahaddaci, ba sai an yi masa dogon bayani ba cewa littafin addini abin ɗauka ne a ka. Kakarmu ba ta yarda a ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa ba, kuma ba a majami'a ta koyi wannan ba.

Ba komai na wancan zamani ne abin kewa ba. Hausar fassarar 1932 tana da nauyi, har ga wanda aka haifa a cikinta, balle ga matar da yaren gidanta daban ne, Hausarta ta kasuwa ce. Mutane da yawa sun haddace abin da ba su gane ba. Akwai masu bisharar da tambaya take ɓata musu rai, suna ɗaukarta rashin bangaskiya ko raini. 'Yan mata da yawa an cire su daga aji an aurar kafin su gama haɗa baƙi. Kuma darajar da Hausa ta samu a majami'a ta danne ƙananan harsuna, har yara suka taso suna zaton Allah ba ya jin yaren kakarsu. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko da waɗannan giɓi, mutumin da ya yi shekara ashirin yana irin wancan karatu ya zaga littafin kaf, ba sau ɗaya ba, ya san inda yake da daɗi da inda yake da ɗaci.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. A 1980 aka fitar da sabuwar fassara mai sauƙin Hausa, tsofaffi suka yi ta gunaguni cewa an rage wa maganar Allah gishiri, matasa kuwa suka ce yanzu suka fara ganewa. Rediyon ELWA daga Laberiya da Muryar Bishara sun riga sun saba wa mutane da jin wa'azi daga nesa. Sai kaset ya zo, sai talabijin, sai sujadar Turanci a birane, inda yaran da suka yi makaranta suka koma, suka bar wa iyayensu ta Hausa. Yau kuma ga waya. A manhajar YouVersion kaɗai akwai fassarar Hausa fiye da ɗaya, kyauta, har da wadda za ta karanta maka kana tuƙi ko kina dahuwa. Abin da kakanmu ya sayar da amfanin gona kafin ya mallaka, jikansa yana da shi a aljihu bai biya ko kwabo ba.

To, me ya sa idan ka tambayi matashin da ba ya fashin sujada abin da ke cikin littafin Amos, sai ya hau sosa ƙeya?

Abin da nake gani shi ne mun bar karatun littafi mun koma tsintar aya. Da safe waya ta turo maka guda, an yi mata ado da hoton fitowar rana. Ka ɗora ta a WhatsApp, 'yan'uwa su rubuta "Amin", shi ke nan an yi ibadar yau. Kuma ayoyin da ke yawo kusan iri ɗaya ne: na alkawari, na nasara, na buɗi, na kariya daga maƙiya. Mun zama kamar yaron da ke tsince naman miya ya ture tuwon, sannan a yi ta mamakin ƙafafunsa ba su yi ƙwari ba.

Mutane da yawa ba su san cewa lambobin nan da muke tsinta da su ba tare da littafin suka zo ba. Rabon surori aikin Stephen Langton ne, wani babban bishop na Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Sun yi haka ne don a sauƙaƙa neman wuri, kuma sun kyauta. Amma Bulus wasiƙa ya rubuta wa Filibiyawa, irin wadda ake karantawa daga gaisuwa zuwa sallama a zama ɗaya. Ikkilisiya ta yi fiye da shekara dubu tana karanta wasiƙar nan babu waɗannan lambobi a jikinta.

A duba abin da tsinta take yi wa ma'ana. Irmiya 29:11 tana cikin ayoyin da aka fi mannawa a gilashin mota da katin biki, saboda tana maganar kyakkyawan nufin Allah ga mutanensa. Wanda ya koma sura ta 28 zai tarar da wani annabi, Hananiya, yana yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu wahalarsu za ta ƙare, za a karya ikon Babila. Irmiya ya ƙaryata shi. Wasiƙar da ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa bauta, wadda ayar nan take cikinta, cewa ta yi su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da ya cinye su da yaƙi, har su yi masa addu'a, domin zaman na shekara 70 ne. Ke nan yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin a Babila aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma haƙuri yake koyarwa, da zaman amana a tsakiyar mutanen da ba naka ba. Mu kuwa mun ɗauke shi mun sa masa ma'anar wa'azin Hananiya. Haka Filibiyawa 4:13, wadda ɗalibai ke rubutawa a bangon littafi gab da jarrabawa. Mai maganar yana tsare ne, kuma abin da yake cewa ya iya, albarkacin Almasihu, shi ne zama da ƙoshi da zama da yunwa ba tare da zuciyarsa ta sauya ba.

A nan ne nake ganin zancen girma cikin ruhaniya yake. Ayar da na zaɓa da kaina ba za ta taɓa yi mini gardama ba, tun da don ta dace da abin da nake so na zaɓe ta. Littafin da na bi daga farko zuwa ƙarshe kuwa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya kai ni inda ba na son zuwa. Ɗan kasuwar hatsi da ke bin Amos zai iso sura ta 8, inda ake la'antar masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su murɗe ma'auni, su sayar har da ƙaiƙayi. Manomin da ke bin wasiƙar Yakubu zai iso sura ta 5, inda kuɗin 'yan ƙodagon da aka hana yake kuka a gaban Ubangiji. Dattijon majami'a zai ci karo da sura ta 2, mai tsawata wa masu ba attajiri kujerar gaba su bar matalauci a tsaye, ya tuna yadda aka shirya zama ranar bikin tara kuɗin gini. Babu mai tura wa abokinsa waɗannan da hoton fure. Amma na san wani dillalin dawa da ya daina buga gindin mudunsa bayan an yi makonni ana binciken Amos a majami'arsu. Bai ba da shaida a gaban jama'a ba. Matan da ke awo a wurinsa ne suka lura.

Akwai kuma abin da wahala ta tona. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan matan Chibok, mafi yawansu 'ya'yan ikkilisiyar EYN. A watan Oktoba na shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp da ke nan, shugabanni suka koma Jos da zama, jama'a suka watsu zuwa Yola da Kamaru da duwatsu. Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai su ma sun binne nasu. Mutumin da duk abin da ya riƙe shi ne ayoyin kariya, da ya tsaya a kan tokar gidansa, me zai ce? Ko dai ya ce Allah ya yi ƙarya, ko ya ce shi ne ba shi da bangaskiya, kuma duka biyun suna karya mutum. Wanda ya zaga littafin ya san akwai Makoki, surori biyar na kukan birnin da aka ƙone. Ya san Habakuk ya tsaya yana tuhumar Allah a kan shirunsa, ba a kuma kore shi daga cikin annabawa ba. Ya san Zabura ta 88 ta ƙare babu ko ɗigon ta'aziyya, kuma an bar ta a cikin 150 ɗin. Ya san abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai da suka yi shiru a gefensa fiye da duk surutan da suka biyo baya. A wasu tarurrukan warkar da raunin zuciya da aka riƙa yi wa 'yan gudun hijira, ana sa mutane su tsara nasu kukan bisa salon Zabura, kuma akwai waɗanda a nan suka fara sanin cewa an yarda mai bi ya kai ƙarar Allah wurin Allah. Wannan abu ne da ya kamata a ce sun sani tun suna makarantar Lahadi.

Ba wayar nake zargi ba. Makahon da a da sai ya jira jikansa ya dawo daga makaranta, yau yana jin Luka daga farko har ƙarshe a kunnensa, sau nawa ya ga dama. Tun da aka kafa Nigeria Bible Translation Trust a Jos a 1976, harsuna da dama da Hausa ta danne sun sami Sabon Alkawari nasu, wasu ma cikakken littafin, kuma duk wanda ya ga fuskar tsohuwa ranar da ta fara jin maganar Yesu da yaren da uwarta ta yi mata rarrashi da shi ba zai yi wa da kuka ba. Kayan aiki ba su taɓa yawa kamar yau ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama. Bisharar Markus surori 16 ce, mai karatu da murya a fili zai gama ta cikin ƙasa da awa biyu, wato bai kai tsawon fim ɗin Indiya guda ba. Amma Kirista nawa ne suka taɓa jin ta a zama ɗaya?

Wani ɓangare na laifin yana wuyan shugabanni. A majami'u da yawa binciken Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako ya rikiɗe ya zama wa'azi na biyu: mutum ɗaya da makirufo, sauran suna gyaɗa kai, a yi baiko a watse. Fastocin yau sun fi masu bisharar da ilimi nesa ba kusa ba, sun yi Girkanci da Ibrananci a Bukuru ko Jos ko Kagoro, amma da Turanci aka koya musu, da Turanci suke tunani, sai sun hau bagade suke juyawa zuwa Hausa, abin ya fito da ƙyar. Wasu kuma suna tsoron buɗe fili, kada a yi tambayar da ba su da amsarta. Alhali littafin da kansa ya yaba wa mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura ta 17, saboda ba su karɓi maganar Bulus haka nan ba, sai da suka riƙa bin Nassosi kowace rana suna tantancewa. Idan manzo bai fi ƙarfin a bincika maganarsa ba, ban ga faston da ya fi ƙarfi ba. A Nehemiya sura ta 8 ma, da Ezra ya yi ta karatu tun safe har tsakar rana, Lawiyawa sun shiga cikin taron suna bayani har sai mutane sun gane.

Ana samun masu komawa ga tsohon salon, ko da yake ba su kira shi tsoho ba. A wata majami'a da nake zuwa idan na je Kaduna, wasu matasa da zawarawa da ma'aikata biyu-uku sukan zauna da yamma a ajin makarantar Lahadi, kowa da wayarsa ko littafinsa, wani Hausa wani Turanci, su ɗauki littafi guda su bi shi a jere. Jagoransu malamin firamare ne. Ranar da na zauna da su suna kan Yunusa, sun iso sura ta 4, inda annabin ya yi fushi har ya roƙi mutuwa don Allah ya yafe wa Nineba, birnin maƙiyan mutanensa. Yawancinsu labarin kifin kaɗai suka sani tun suna yara, ba su taɓa jin wannan sura ba. Wata mata da aka kashe mijinta a wani rikici ta ajiye littafinta a cinya ta ce, "Malam, ni fa ina bayan Yunusa. Ku da ba a taɓa ku ba kuna iya cewa amin." Ɗakin ya ɗauki zafi. Wani saurayi ya fara jawo mata ayar gafara, jagoran ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari Mama ta gama." Ta yi magana mai tsawo, wasu suka mayar, wani dattijo ya lura cewa littafin ma da tambaya ya ƙare, ba a faɗi amsar da Yunusa ya bayar ba. Aka tashi ba a daidaita ba, aka sa Laraba mai zuwa za a sake karanta surar tun daga farko, a haɗa ta da Matiyu sura ta 5.